Dodon hotunan Baba: ina iyakar gyara?

"Assalamu alaikum. Mahaifinmu mai ɗaukar hoto ne a Tawa, ya riƙe shago tun wajen 1974 har ƙarshen shekarun 1990. Da ya rasu bara muka buɗe akwatin ƙarfensa, muka tarar da dodon hoto, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, ambulan-ambulan, za su kai dubu biyu: na aure, na suna, na Sallah, na 'yan kokowa. Wasu baƙi da fari ne masu faɗi, wasu na kala ƙanana. Na sayo sikana a Yamai na fara juya su zuwa kwamfuta, sai dai abin da ke fitowa bai yi kama da hotunan da na sani a bangon gidajenmu ba. Na kala sun yi shuɗi-shuɗi, ga fararen ɗige-ɗige ko'ina, kuma in fuska ta fito sai farar riga ta ƙone. Ƙanwata ta saka hoton mahaifiyarmu a wata manhaja ta waya, ya fito tas har da launi, amma zanen kumatunta ya ɓace, ni dai ban ga Inna a ciki ba. Yayanmu ya ce kada a taɓa komai, aikin Baba amana ne. Har mun fara ɗaga wa juna murya. Ina iyakar gyara?"
Ɗan mai hoto, Tawa

Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Malam, ka faɗa wa Yaya cikin ladabi cewa abin da yake nema babu shi. Dodon hoto, wanda masu sana'ar a nan suke ce wa kilishe, hatsi ne, bai zama tuwo ba tukuna. Duk hoton da Baba ya miƙa wa mai shi, sai da ya shiga ɗakin wanki ya zaɓi takarda, ya ƙidaya daƙiƙun haske, ya sa tafin hannu ya tare hasken daga fuska don kada ta yi duhu, ya ƙara wa riga daƙiƙun haske ta ɗan yi duhu don aikin wuyanta ya fito, ya yanke gefen da bai so. Kai ma da ka danna maɓalli ka bar sikana ta yi yadda ta ga dama, an riga an yi gyara, na'ura ce dai ta yi shi, kuma ba ta san Tawa ba. Shuɗin da kake gani nata ne. Saboda haka taɓawa dole ce. Ma'aunin da muke ba ka shi ne: abin da shekaru ko na'ura suka ɓata, ka gyara shi, haske da launi, ka bi sawun Baba, abin da yake gaban kyamara ranar da aka ɗauki hoton, wannan ba naka ba ne, kada ka rage, kada ka ƙara. Zanen Inna yana cikin kashi na ƙarshe.

Amma kafin gardamar gyara, ka koma ga akwatin ka shinshina shi. In ka ji tsami irin na binigar, jikin fim ɗin ne ya fara ruɓewa. Yawancin fina-finan wancan zamani an yi su da wata irin roba mai suna asetat, zafi da laima kuma suna sa shi ya riƙa fitar da asid, ya ƙanƙance, ya lauje, daga ƙarshe fuskar hoton ta tattare. Ba a mayar da shi baya, kuma tururinsa yana hanzarta lalacewar na kusa da shi. Ka bi ambulan ɗaya bayan ɗaya, ka ware masu warin, su za ka fara ɗauka ko da ba su ne suka fi burge ka ba. Ka duba bakin fim kuma: in an rubuta SAFETY, to da sauƙi, ba mai saurin kama wuta ba ne. In ka ci karo da tsoho mai rubutun NITRATE, wanda Baba zai iya gada daga maigidansa, ka nisanta shi da wuta da rana, don yana kamawa da gaggawa. An daina yin irinsa tun farkon shekarun 1950.

Fararen ɗige-ɗigen nan ƙura ce. Tana tare haske, ta yi baƙi a dodo, in an juya sai ta fito fari. Daƙiƙa goma na hurawa kafin sikan ya fi minti ashirin na gogewa a kwamfuta, kuma mutumin Adar ba sai an yi masa bayanin ƙura ba. Lokacin hunturu ya fi muni, don bushewar iska tana sa fim ya riƙa jan ƙura kamar maganaɗisu, ya kuma naɗe. Ka rufe taga, ka kashe fanka, ka goge tebur da ƙasa da tsumma mai laima, ka jira kamar rabin awa ƙurar ɗaki ta kwanta. Ka sa safar hannu, ka riƙe fim ta gefe. Kayan aikinka famfon roba mai hura iska da burushi mai laushi ƙwarai. Kada ka hura da baki, yawu yana barin tabo. Fim yana da fuska biyu, mai sheƙi da marar sheƙi. Marar sheƙin ita ce fuskar magani, a nan hoton yake cikin siririn jelatin. In akwai zanen yatsa ko maiƙo, ka ɗiga alkol isopropil mai ƙarfin kashi 99 a ƙyalle marar gashi, ka shafa sau ɗaya, bayan ka gwada a kan dodon da ba shi da muhimmanci. Alkol na kantin magani mai kashi 70 yana da ruwa da yawa, bar shi. Inda kuwa ka ga fumfuna, kamar saƙar gizo, kada ruwa ya kusance shi, don fumfuna tana raunana jelatin har ruwa ya narkar da shi, sai hoton ya biyo ƙyallen. Wanda ya naɗe, sa shi cikin rigar fim ko tsakanin takardu masu tsabta, ka danne da littattafai kwana biyar zuwa mako.

Dubu biyu ba wasa ba ne. In kowane ɗaya zai ci minti huɗu, ka haura awa 130, ban da gyara. Ka shimfiɗa kowane ambulan a kan farin haske, ka ɗauke shi da waya, ka juya launin don ka ga abin da ke ciki, ka ba ambulan lamba. Daga nan ka zaɓi ɗari biyu ko uku na farko. Ka kuma haɗa kwamfuta da sikana da ƙaramin batirin riƙe wuta, wanda ake ce wa ondilar, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana lalata fayil.

Yanzu saitin sikana. Shiga sashen ƙwararru na manhajarta ka kashe duk abin da ke aiki da kansa: ƙarin kaifi, rage tsakin fim (ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama hoton), farfaɗo da launi, gyaran haske. Ka ɗauka a nau'in fayil na TIFF, mai bit 48 ga na kala (wato 16 ga kowane ɗaya cikin launuka uku), bit 16 ga baƙi da fari. Dalili shi ne bit 8 yana da matakan haske 256 kawai a kowane launi, bit 16 yana da fiye da dubu 65. Dodon da ya koɗe sai an ja shi sosai, kuma in matakan kaɗan ne sai sararin sama da goshin mutum su fito tsani-tsani. JPEG kuwa yana zubar da wani abu duk lokacin da aka sake adana shi.

Lambar dpi, wato yawan ɗigon da sikana ke ɗauka a kowane inci, da aka buga a kwali kada ta ruɗe ka. Sikana mai shimfiɗa, irin mai fitila a murfi, ko an rubuta 6400, abin da idonta yake iya rarrabewa bai cika wuce 1600 zuwa 2400 ba, sauran ƙaton fayil ne kawai. Ƙaramin fim na milimita 35 girmansa 24 da 36 ne. A dpi 2400 yana ba da fiksel, wato ɗigon hoto a kwamfuta, kusan 2270 da 3400, wanda zai wanku da kyau har kusan girman takardar A4. A 3200 yana ba da kusan 3020 da 4530, wato santimita 25 da 38 a takarda, fayil ɗin kala kuma ya kai megabait 80. Masu faɗin nan, in na santimita 6 da 6 ne, sun fi sauƙi: ko a 1600 suna ba da kusan fiksel 3500 kowane gefe, a 2400 kuma sun wuce 5000. Sikanarka ta ishe su. Ƙananan ne suke wahala a kanta, don haka in akwai ashirin ko talatin da kuke son ɗagawa manya, ka nemi mai na'urar fim zalla irin Plustek OpticFilm, ko mai kyamarar dijital da gilashin makro na ɗaukar abu daga kusa. Shi zai ɗora fim a kan fitila mai ingancin launi (CRI 95 ko sama), ya tsaida kyamara a kan ƙafa, ya sa f/8 da ISO mafi ƙanƙanta da jinkirin daƙiƙa biyu, ya ɗauka a RAW. Dabarar daidaita su ita ce a aje ƙaramin madubi inda fim zai zauna. In idon kyamara ya bayyana daidai tsakiyar hoto, sun fuskanci juna.

Akwai maɓalli ɗaya da ke tada hankalin sababbi: share ƙura da hasken infared, wanda ake kira Digital ICE ko iSRD. A kan fim na kala yana aiki sosai, don infared yana ratsa rinin launi, ƙura kaɗai ke tare shi, sai na'ura ta gane ta. Baƙi da fari na gargajiya kuwa hotonsa azurfa ce, ita ma tana tare infared, sai na'ura ta ɗauki hoton kansa a matsayin datti ta damalmala shi. Kunna shi ga na kala, kashe shi ga baƙi da fari.

Ka bar ɗan bakin fim ya shigo cikin sikan, har da lambobinsa. Yana da amfani biyu. Na farko, in lambobin sun karantu daidai, ba ka juya hoton baibai ba. Wannan kuskure ne mai saurin faruwa, kuma a wajenmu ba ƙarami ba ne: sai ka ga dattijo yana miƙa gaisuwa da hagu, aljihu da askar babbar riga sun koma dama. Na biyu, a nan maganin shuɗinka yake. Dodon kala an yi shi da rufi ruwan lemo da gangan, don gyara kasawar rinin. Kishiyar ruwan lemo shuɗi ne, to in an juya ba a cire rufin daidai ba, sai komai ya yi shuɗi. Ka nuna wa manhaja bakin fim inda haske bai taɓa ba, ka ce mata wannan ne launin tushe. Manhajar darktable kyauta ce, tana da sashe mai suna negadoctor don wannan aiki. RawTherapee ma kyauta ce kuma tana da nata. VueScan, SilverFast da Negative Lab Pro na kuɗi ne. In ka daidaita hoto ɗaya, ka kwafi saitin zuwa sauran na fim guda, don a wanki ɗaya suka fito.

Bayan haka in launi ya karkata, koɗewa ce. Rinin fim kashi uku ne, kuma ba sa koɗewa tare, zafi kuma yana gaggauta abin. Akwatin ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano, a garin da Afrilu da Mayu suke haura digiri 40, shekara arba'in, ka ga ai dole. Ka buɗe jadawalin haske na ja, kore da shuɗi ɗaya-ɗaya, ka matso da alamar baƙi da ta fari zuwa gindin tudun kowanne, ba tare da ka ci cikin tudun ba. Sau da yawa wannan kaɗai yana mayar da mafi yawan launin. Sa'an nan ka nemi abin da ka tabbata toka-toka ne a hoton, kamar daɓen siminti ko tayar keke, ka daidaita da shi.

A nan ake yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Manhaja tana son ta mayar da komai fari fat, alhali farar rigar Sallah sau da yawa an sa mata bula, tana da ɗan shuɗinta na gaskiya. In ka tilasta mata fari, fuskar mai ita za ta yi rawaya. Hasken hazo yana da ɗorawa-ɗorawa, jar ƙasa tana mayar da ja a ƙarƙashin haɓa, hasken la'asar a filin kokowa ruwan zinariya ne. Tawa ce fa aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975. In Baba ya ɗauki wani abu a filin, ƙurar da ta turnuƙe bayan 'yan kokowa tana cikin hoton, kada ka share ta da maɓallin kawar da hazo. In kuwa rini ɗaya ya mutu har launi ya ƙi dawowa, gara ka mayar da kwafin baƙi da fari ka rubuta hakan, da ka zauna kana fenti da ka.

Matsalar fuska da riga ita ce ainihin gwanintar masu hoton ƙasarmu. Ɗauki misalin ango, baƙin mutum cikin farar shadda, a tsaye a rana. Na'ura tana lissafin matsakaici, sai ta sadaukar da ɗaya. Amma dodo yana riƙe bayanan wuri mai haske fiye da yadda ake zato. Ka ɗaga shi ga fitila da gilashin ƙara girma, za ka ga zaren aikin wuya a wurin da ya fi duhu. Don haka ka fara saita alamar fari har zaren ya bayyana. Fuska za ta yi duhu, kada ka damu. Sai ka zagaye fuskar kaɗai da zaɓi mai laushin baki, ka ɗaga haskenta kaɗan-kaɗan, ka tsaya da zarar ido da layin hanci sun fito. Abin da tafin hannun Baba yake yi ke nan. Alamar ka zarce ita ce fuska ta fi bayan hannu da wuya haske, ko inuwa ta koma toka mai tsaki. Haskaka fuska daban, sauya launin fata daban, kuma dangi za su gane.

Mafi kyawun malami a wannan aiki yana rataye a bangon gidajenku. Ka aro hotuna goma ko goma sha biyar da Baba ya wanke da hannunsa, musamman baƙi da fari don sun fi jure shekaru, ka nemo dodonsu, ka aje takardar kusa da allon kwamfuta a ɗakin da ba rana kai tsaye, ka rage hasken allon zuwa rabi ko ƙasa. Za ka ga ko mai son baƙi mai kauri ne ko mai laushi, da inda yake yanka. Ka duba manyan dodon a karkace cikin haske kuma. Masu shagon hoto na da sukan yi gyara da fensir a jikin dodo, su lallashe ƙurji ko inuwar ƙarƙashin ido. In ka ga sawun fensir, Yaya ya ga hujjar cewa Baba ma yana gyara, ƙanwa kuma ta ga inda ya tsaya: ya bar zanen.

Goge ƙurar da ta rage aikin haƙuri ne. Ka ƙara girman hoto zuwa kashi 100, ka bi shi layi-layi, da burushin gyara wanda bai fi ɗigon girma sosai ba. Bango da sama ka yi sauri. A fuska ka tambayi kanka kafin kowane dannawa. Ƙura fari ce fat, bakinta ya fi tsakin fim kaifi, ba ruwanta da siffar fuska. Zane, tabo ko tawadar Allah suna bin lanƙwasar fata, suna da laushin sauran hoton. In ka yi shakka, koma ga dodo da gilashi. Ƙarcen da ya cinye fuskar magani yakan fito baƙi ko mai launi, ana cike shi daga maƙwabtansa in siriri ne. In ya tafi da ido ko rabin baki, bar shi da rauninsa.

Tsakin fim ba datti ba ne, da shi aka gina hoton. In ka rage shi da yawa fata ta koma kamar roba. Ƙarin kaifi kuma a ƙarshe ake yi, a kan kwafin da za a raba, da faɗin kusan fiksel ɗaya da ƙarfi 50 zuwa 80. In farin layi ya bayyana a gefen hula ko kafaɗa, rage.

Manhajar ƙanwarku ba ta fito da abin da ke ɓoye a dodo ba. An horar da ita da tarin fuskokin wasu mutane, sai ta zana abin da take zato ya dace: ta ɗauki zane a matsayin ƙarce ta share, ta sake gashin ido da haƙora, ta yi wa zanen ɗaurawa da ɗankwali launin da ta ga dama. Atamfar da kowa a gidan ya san koriya ce tana iya fitowa ja. Ba mu ce a hana ta ba. In tana sonsa a wayarta, nata ne, amma a rubuta a jikinsa cewa na'ura ce ta ƙawata shi, kuma kada ya zama shi ake wankewa a rataye ko a raba wa dangi, don yaran da ba su san Inna ba shi za su riƙe.

Abin da zai kashe gardamar gidanku shi ne kowane hoto ya zama fayil uku. Uwa, wato sikan yadda ya fito, da bakin fim, ba a taɓa shi har abada; wannan na Yaya ne, amanar tana nan. Na aiki, TIFF da ka gyara. Na rabo, JPEG mai fiksel kusan 2000 a dogon gefe, a tsarin launi sRGB; in ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin takarda don kada a matse shi. Ka sa suna mai kai mutum ga ambulan, kamar 1982_ambulan014_07. Ko duk dubu biyun ka ɗauka a saitin da muka ambata, fayilolin uwa ba za su cika gigabait 200 ba, don haka faifan ajiya biyu sun isa, ɗaya a wajenka, ɗaya a wani gida, a Yamai ma in da hali.

Dodon kansu kada a zubar, na'urar gobe za ta fi ta yau gani. Ka cire robar ɗauri da ƙusar takarda, ka sa su a rigunan fim na polipropilen ko takarda marar asid, ban da leda mai laushi mai wari irin ta PVC. Ka fitar da su daga ƙarƙashin kwano zuwa ɗaki mafi sanyi a gidan, na ƙasa in akwai, sama da daɓe, da 'yan ƙunshin silika saboda damina. Masu warin tsami a kwali dabam mai shan iska. Firiji yana da amfani ne kawai in wuta ba ta yankewa, in ba haka ba raɓa za ta riƙa sauka a kansu.

Mutanen da ke cikin hotunan nan ba naku kaɗai ba ne. Amaren wasu ne da iyayen wasu, don haka a nemi izinin iyalansu kafin a sa a Facebook. Kuma tun kafin ka gama gyaran ɗari na farko, ka ɗauki waya da littafi ka je wajen gwaggonninku da tsofaffin yaran shagon Baba, ka nuna musu ɗaya-ɗaya, ka rubuta suna, unguwa da shekara a gaban lambar kowane fayil. Ka fara da wanda ya fi tsufa a cikinsu.